Babur ɗin da Ya Ƙi Tashi

Baba Ɗanbala ya sake ɗora ƙafa a kan kik, ya tattara nauyinsa duka ya danna. Babur ɗin ya yi ɗan tari, ya yi shiru. Tsohon ya kifa ƙirji a kan tanki yana haki, gumi na bin gemunsa yana ɗiga a kan baƙin fenti.

Mas'udu makanike, wanda ɗakinsa ke kallon na tsohon a gidan haya guda a unguwar Nima ta Akra, yana tsugune da kwanon koko a hannu yana kallonsa. Ya san babur ɗin nan ba zai tashi ba ko da za a wuni ana buga shi. Shi da hannunsa ya hana shi tashi.

"Baba, ka huta mana. Rana ta fara zafi."

"In huta? A Bama, cikin taɓo har gwiwa nake tayar da wanda ya fi wannan. Matso ka sake duba mini fulogi."

Ba cika baki yake ba. Zamanin yaƙin duniya, can ƙasar Bama ta ƙetaren teku, shi ke kai wa sojoji saƙo a babur. Da aka sallame su ya dawo Akra, ya kama gadin wani kanti a Adabraka, shekara da shekaru bai sake hawa ba. Sai bana, da wani Bature zai koma ƙasarsu, Baba ya kwashe abin da ya tara ya sayi nasa: ƙato, mai faɗin sirdi, sai da majiya ƙarfi suka taya turo shi ta kan katakon da aka gitta a bakin kwata. Burinsa bai wuce ya hau shi ranar Juma'a, ya zaga unguwannin Maamobi da New Town, ya dawo gida.

Matsalar ita ce jiri. Ya taɓa kayar da shi a sahun salla, ya kuma kayar da shi a bakin famfo. Shi ya sa matarsa, Mma Memunatu, ta bi Mas'udu har rumfarsa tun ranar da aka kawo babur ɗin.

"Mas'udu, kai ɗana ne," ta ce. "Mutumin nan ko a tsaye yake jiri na ɗibansa. In ya hau abin nan ya shiga gaban motar trotro, gawa za a kawo mini. Yi masa dabara kada ya tashi. In ya gaji zai bari."

Mas'udu ya zare wata 'yar waya can cikin injin, inda idon tsoho ba ya kaiwa, ya mayar da murfi ya ɗaure.

To, su biyun sun manta da wa suke yi, Allah ya yafe musu. Baba Ɗanbala bai san bari ba. Kullum da an idar da asuba sai ya fito da tsumma da kananzir, ya wanke kaca, ya goge madubi, ya busa tiyon mai, sannan ya hau bugu. Ƙafarsa ta kumbura, numfashinsa ya fara fita da shessheƙa. Tsoro ya kama Mas'udu sosai. In ya mayar da wayar, titi zai cinye tsohon. In ya bar ta a zare, ga kik yana cin sa a tsakar gida kowa na kallo.

"Mma, abin nan yana wahalar da shi fa," ya raɗa mata a bakin murhu.

"Na gani, ba makauniya ba ce ni." Ta ci gaba da juya ludayi a tukunya. "Ya gaji sosai paa. Ƙara masa kwana kaɗan, zai haƙura."

Bai haƙura ba. Ran Alhamis da hantsi ya danna kik, ƙafar ta zame, ya sulale ta gefe ya faɗi riƙe da ƙirji. Aka ciccibe shi zuwa ɗaki. Mai allurar unguwa ya zo ya saurari ƙirjin, ya ja Mas'udu waje ya ce zuciya ce, a bar shi ya kwanta, a yi ta addu'a.

Da gari ya waye ran Juma'a, Mas'udu bai shawarci kowa ba. Ya kwance murfin, ya mayar da wayar, ya turo babur ɗin har bakin ƙofar ɗakin Baba. Mma Memunatu ta ɗaga labule, ta dube shi, ba ta hana ba. Bugun farko injin ya kama, da wata murya mai kauri da ta sa kwanon rufi rawa. Kaji suka watse.

Baba Ɗanbala ya buɗe ido. Ya yi alama a ja tabarmarsa kusa. Aka ja. Ya miƙa hannu ya dafa ƙarfen babur ɗin, ya daɗe yana jin kaɗawarsa.

"Wa ya buga?"

"Ni ne, Baba."

"Haka kawai ya tashi?" Ya yi wani ɗan murmushi mai ban tausayi. "Ashe lafiyarsa lau. Ƙafata ce ta mutu, na yi ta zargin ƙarfe."

Maganar ta soki Mas'udu. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai idonsa ya haɗu da na Mma Memunatu, wadda ta toshe bakinta da gefen mayafi tana girgiza masa kai. Ya dubi tsohon, ya ga ya lumshe ido. Ya ce a ransa bari ya farka tukuna.

Bai farka ba. Kafin kiran sallar Juma'a rai ya yi halinsa, bayan an sauko aka sallace shi.

Da Mas'udu ya dawo daga maƙabarta, hadari ya taso daga wajen teku, mata suna ta kwashe shanya. Babur ɗin na nan a bakin ƙofa inda ya bar shi. Yayyafi ya fara sauka a kan sirdi. Mma Memunatu ta taso daga cikin masu zaman makoki, ta shiga ɗaki, ta fito da bargon mijinta. Ta lulluɓe babur ɗin tun daga fitila har bayansa, ta durƙusa tana soke gefen bargon don kada iska ta yaye.