Inda Zarto Zai Bi

Kan katakon ya riga ya leƙo ta ƙofar silin, Wilf na tsaye a kan tsani ya tallabe shi da hannu biyu, sai ɗaya ƙarshen ya daki katakon rufi. Clifford, wanda ke sama yana riƙe da wancan ɓangaren, ya ji ƙarar har cikin haƙoransa. Ya ce a dakata. Suka ja baya, suka karkata shi hagu, suka sake gwadawa, ya sake dukan wuri ɗaya. Wata 'yar tunkiya da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ta ɓalle daga kan tudu, ta gangaro ta faɗa cikin wuyan rigar Wilf.

"To, dabbobinka sun fara sauka," in ji Wilf. "Saura garin."

Clifford bai yi dariya ba. Suka mayar da katakon kan ƙafafunsa, ya tsaya yana haki yana kallonsa.

Clifford Ormerod makanikin bas ne da ya yi ritaya. Abin da ke kan katakon nan kuwa Holmeshaw ne, ƙauyen da aka haife shi, yadda yake kafin a rufe tashar jirgin ƙasa a rushe layin gidajen da ke fuskantarta. Ga masaƙa da dogon bututun hayaƙinta, ga gada, ga tasha, ga taragun kwal a jere. Da hannunsa ya yi komai, da kwali da gam da hantsaki. Jan bulon da ke jikin bango ma ɗaya bayan ɗaya ya zana shi da bakin allura. Taragun kuwa sai da ya gama su tsaf suna ƙyalli, sannan ya bi su da burushi yana shafa musu tsatsa da baƙin hayaƙi, domin a wurinsa taragon da ba shi da datti abin wasan yara ne.

Yau Asabar kulob ɗinsu na masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa ke baje koli a zauren gari. Shekara da shekaru aikin Clifford a wannan rana shi ne tsayuwa a bakin ƙofa, ko zuba wa baƙi shayi. Bana aka ba shi babban teburin tsakiya, wanda duk mai shigowa shi zai fara gani. Shugaban kulob ya riga ya bugo waya da safe, ya ce idan aka buɗe ƙofa da azahar teburin na nan wayam, zai bai wa Malcolm. Shi kuwa Malcolm jiragensa duk na kanti ne, a cikin kwali ake kawo masa su, ko burushi bai taɓa riƙewa ba.

Abin da ya fi yi wa Clifford ciwo shi ne, duk sabon shiga kulob shi ke ja gefe ya gargaɗe shi, ya ce a yi gini a kan ƙananan katakai da za a iya kwancewa a ɗauka. Nasa kuwa bai taɓa tunanin zai fita daga ɗakin nan na ƙarƙashin rufi ba. Guntu-guntu ya hau da katakon, ya haɗe shi a sama ya zama abu ɗaya. Da aka gayyace shi ya ɗauko tef ya auna faɗin ƙofar silin, ya auna faɗin katakon, ya ga akwai rarar yatsu uku, ya sauko ya sha shayinsa hankali kwance. Bai tuna cewa dogon abu sai an miƙar da shi tsaye kafin ya bi ta rami ba, rufin kuma bai kai wannan tsawon ba.

Wilf Entwistle, abokinsa tun suna gajeren wando, ya hauro ya zauna a kan akwatin fenti yana lalubar tunkiya a bayansa. Ya kawo shawarar a faɗaɗa ƙofar. Daga ƙasan tsani Doreen, matar Clifford, ta amsa cewa silin ɗin nan bai daɗe da shan sabon fenti ba, duk wanda ya taɓa shi a cikin motar kaya zai kwana. Wilf ya ce to a ɗaye rufin. Clifford ya nuna masa 'yar tagar sama, inda ruwa ke ta sauka tun asuba.

Dukansu sun san abin da ya rage, kowa na jiran ɗan'uwansa ya faɗa.

"Ɗauko zarton, tsoho," in ji Wilf a ƙarshe. "Kai ka haife shi, kai za ka yi masa aiki."

Clifford ya ɗauki tocila ya shiga ƙarƙashin katakon, ya kwanta rigingine yana bin wayoyi da ido. Ba ko'ina ake yanka layin dogo ba. Idan aka yanka a kwana, ba zai sake haɗuwa daidai ba, jirgi zai riƙa sauka daga kan layi. Idan aka yanka inda layi ke rabuwa biyu, an kashe wurin ke nan. Sai inda ya miƙe sak, kuma a tsakiyar katakon wuri ɗaya ne kawai ya miƙe, daidai gaban gidaje uku na Layin Tasha. Gidajen a manne suke da juna, kuma ba sa ɗaguwa, domin Clifford ya tsani ganin ɗan baƙin layin nan da ke fitowa a ƙarƙashin gini idan ɗora shi kawai aka yi. Shi nasa cikin filasta ya dasa su. Duk inda zarto ya bi, gida ɗaya ya tafi.

Na farko gidansu Clifford ne, ga mahaifiyarsa a durƙushe tana goge dokin ƙofa. Na biyu shagon naman mahaifin Wilf, da 'yan ƙwayoyin shinkafa da aka yi wa jan fenti aka rataye a taga a matsayin nama.

Wilf ya sa hannu ya kare shagon. Ya ce babansa bai taɓa rufe shagon nan ranar Asabar ba, ko ranar da aka haifi Wilf ɗin ma a buɗe yake, ba kuwa yau za a fara ba. Ya ce gidan su Clifford ai ba wani abin kallo a jikinsa, ƙofa ce da taga. Clifford ya ce in dai shi ne zai sa wa uwarsa zarto tana tsakiyar aiki, gara Malcolm ya ɗauki teburin har da kujerun. Wilf ya ce a cire tsohuwar da hantsaki mana, a ajiye ta a gefe. Clifford ya ce a gefen wa, a ƙofar maƙwabta, su da ba ta yi wa magana?

Wilf ya karkata kai yana kallon gida na uku, mai shuɗiyar ƙofa da farin labule da tukunyar fure a taga. Clifford ya ga inda idonsa ya nufa.

"Kada ma ka fara," ya ce.

Sai tsani ya yi ƙara. Kofi biyu na shayi suka fara bayyana a bakin ramin, sannan kan Doreen, sannan sauran jikinta a hankali, tana tsine wa gwiwoyinta. Rabonta da hawowa nan tun garin yana katako tsirara. Ta ce tun daga kicin take jin musunsu, kamar yara biyu a kan alewa ɗaya. Clifford ya yi mata bayanin layi da kwana da inda ya miƙe. Ta saurara da rabin kunne, ta sa tabarau, ta sunkuya a kan Layin Tasha. Ta gane surukarta nan take, ta ce ko a nan ma ba ta huta ba. Ta gane shagon nama. Sai ta tsaya a kan na uku.

"Wannan kuma gidan wa?"

"Gidanku mana," in ji Clifford. "Gidan Arnold Duckworth."

Ta daɗe tana kallon gidan. Sannan ta fashe da dariya har sai da ta dafa kafaɗar Wilf.

"Clifford, yaushe ƙofarmu ta taɓa ganin fenti? Babana da ko ƙusa ba ya saye?"

Ya ce shi dai shuɗiya ya sani, ai ya sha tsayuwa a gabanta. Ta ce ya sha tsayuwa dai a tsallaken titi, a bayan turken fitila, yana jiran babanta ya fita. Ya nuna furen. Ta ce kwalbar madara ce, a taga suke ajiyewa don ta yi sanyi. Labulen kuwa tsohon zanen gado ne. Ta ce su uku suke kwana a gado ɗaya ita da yayyenta, bango na tsatsafar da ruwa, da safe sai ka matse safarka kafin ka sa. Ban ɗaki na can ƙarshen tsakar gida, su da maƙwabta. Ranar da aka zo rushe layin, ta ce, mahaifiyarta sabuwar hula ta sa ta je kallo.

Clifford ya tsaya riƙe da kofinsa. Gidan nan ya fi kowanne cin lokacinsa. Sai da ya yi ƙofar sau uku kafin shuɗin ya yi masa daidai da wanda ke cikin kansa.

"Nan za ka yanka," in ji Doreen, ta ɗora yatsa a kan rufin. "Ta tsakiyar falo. Da ma wurin bai taɓa ɗumi ba."

"Na yi shi ne saboda ke," ya ce a hankali.

"Na sani, mutumina. Ya yi kyau ƙwarai. Shi ya sa ban gane shi ba."

Wilf ya kurɓi shayi, ya ce shi dai a rubuta a ajiye, bai ce komai ba.

Clifford ya fara da ƙaramin zarto mai siraran haƙora, ya yanke layin dogon a natse. Ya shiga ƙasa ya datse wayoyi, yana ɗaura wa kowace alama. Sannan ya ɗauko babban zarto ya ɗora a kan rufin gidan Duckworth, ya tsaya. Doreen na riƙe da tocila. Ta ce in hannunsa ya mutu ne ya ba ta. Ya ja. Kwalin bai yi gardama ba ko kaɗan. Zarton ya ratsa rufi, ya ratsa falo, ya shiga filasta yana tayar da farar ƙura, ya faɗa cikin katako. Da ɓangarorin biyu suka rabu, rabin gidan ya faɗo nan, rabi can. Clifford ya tsince su ya sa a gwangwanin biskit, ya ce wataƙila gam ya kama.

Kowane rabi ya bi ta ƙofar silin kamar da ma don ita aka yi shi. Suka lulluɓe su da tsohon bargo saboda ruwa, suka sa su a motar kaya, Wilf ya ja ta kamar mai ɗauke da ƙwai, motoci na ta yi masa ham a baya.

A zauren gari sun tarar da Malcolm yana zagaya teburin tsakiya da kwalayensa a hammata. Wilf ya gaishe shi da fara'a, ya roƙe shi ya ɗan matsa kada datti ya taɓa masa kaya. Suka haɗa katakan, suka ɗaure ta ƙasa, Clifford ya jona wayoyi. Ya ɗora kan jirgi ya ba shi wuta kaɗan. Jirgin ya taho a hankali, ya iso mahaɗar, ya ɗan yi tsalle kamar mai tuntuɓe, ya wuce. Wilf ya sauke numfashi.

Saura gurbin. Tsakanin shagon nama da gidan gaba akwai wawakeken fili fari fat, kamar an cire haƙori. Clifford ya buɗe gwangwanin biskit. Akwai sauran lokaci, gam na aljihunsa, in ya matse su ya rufe tsagar da fenti ba kowa zai lura ba. Ya juya ya ga Doreen ta ɗauki burushinsa mafi siriri, ta dangwala kore ta haɗa da ruwan ƙasa, tana shafawa a jikin bangon shagon da ya fito fili, daga ƙasa zuwa sama, harshenta a tsakanin haƙora. Ya tambaye ta me take yi. Ta ce danshi ne, daidai nan ya tsaya, kan gadonsu.

Ya kalli gwangwanin, ya kalli bangon. Ya mayar da murfi ya tura shi ƙarƙashin tebur. Ya marmasa guntun kwali mai zanen bulo ya zuba a filin, ya barbaɗa garin kwal a kai, ya dasa 'yar ciyawa a gefe.

Da aka buɗe ƙofa mutane suka yo kan teburin. Yara na bin jirgi da gudu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, manya na sunkuyawa suna leƙen tagogi. Can sai ga wata tsohuwa da sanda, jikarta na riƙe da hannunta. Doreen ta gane ta, Misis Nuttall ce, wadda ta zauna a ƙarshen Layin Tasha. Tsohuwar ta bi gidajen da yatsa tana kiran sunayen masu su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ta gaida mahaifiyar Clifford da suna. Ta ce naman Entwistle kullum ƙashi ya fi yawa, Wilf na tsaye yana ji. Da ta iso filin sai yatsanta ya tsaya. Ta ɗago ta dubi Clifford, ta ce ya yi mantuwa, a nan gidan Duckworth yake, ina ya kai su?

Clifford ya buɗe baki, Doreen ta riga shi.

"Mun tashi, Misis Nuttall," ta ce.

Tsohuwar ta ƙura mata ido, sannan ta sake duban koren da ke jikin bangon. Ta gyaɗa kai.

"Kun kyauta wa kanku," ta ce, ta matsa gaba wajen masaƙa.