Lambar Inna

Shekara tara da rasuwar Baba, bakwai da ta Inna, sai ranar Talatar nan ofishinmu ya ga damar lura. Akawun ma'aikata ya kira ni ɗakinsa, ya turo mini fom, ya ɗora yatsa a gurbin wanda za a kira idan na yanke jiki na faɗi a bakin aiki. Sunan Inna ne a wurin tun ranar da aka ɗauke ni. Ya ce sabuwar doka ta hana barin mamaci, in sa ɗa ko mata.

Ya san ba ni da ko ɗaya. Shi ne ma ya zaga da katin ta'aziyya aka sa hannu, sau biyu.

Ya ce to in sa ɗan'uwa, ai dangi ba sa ƙarewa. Gaskiyarsa. Akwai kawuna da ya zo gaisuwa yana auna firij da ido. Akwai goggona mai tuna mini cewa mai furfura ba ya maraici, wai da na haihu da tuni na manta. Kamar 'ya'ya maganin ciwon kai ne, a sha biyu bayan abinci.

An riga an goge Inna daga katin asibiti da takardar wuta. Fayil ɗin nan kaɗai ya rage inda aka rubuta cewa ni ɗan wata ne. Na ɗauki biro na sake rubuta sunanta da lambarta.

Akawu ya ce, "Malam, kada ka ba ni aiki. Yanzu kira muke yi mu tabbatar."

"To kira mana."

Ya danna lambar yana kallona kamar wanda ya ritsa ɓarawo. Sai ƙara ta tashi a aljihuna: tsohuwar wayarta, wadda roba ke riƙe da murfinta. Shekara bakwai ina yi mata caji, ina sa mata kati, don kada kamfani ya ba wani layin. Na bar ta tana ta kuka har na ɗakin gaba suka yi tsit.

Akawu ya rasa inda zai sa idonsa. Can ƙasa-ƙasa ya ce a ƙa'ida sai an ɗauka.

Na ciro ta, na amsa a madadin Inna, ina kallonsa.

"An ɗauka. Idan ya faɗi, ku kira. Babu mai zuwa, amma ku kira."

Ya ajiye wayarsa, ya buga hatimi.