Haramin Yaya a Tukunyar Bayin Allah

Shekarata arba'in da ɗoriya ina wanki da guga, kuma duk wanda ya san shagona ya san tukwane biyu gare ni na dafa fararen kaya. Babbar ta kowa da kowa ce: zannuwan gadon masauki, rigunan ma'aikatan asibiti, singiletin mutanen gari. Ƙaramar kuwa, wadda matata ta raɗa wa suna tukunyar bayin Allah, ba na sa komai cikinta sai tufafin ibada. Rawanin liman, hijabin sallar tsofaffi, da fararen kayan Fada, limamin cocin da ke bayan layinmu. Ban yi karatu mai nisa ba, amma hankalina bai taɓa ba ni in dafa abin da mutum zai tsaya da shi gaban Ubangijinsa tare da zanen gadon da ban san wa ya kwana a kai ba. Kuma ina da wata ɗabi'a. Kayan ibada ba na zazzage su ina leƙa ciki da bai yadda nake yi wa wandon direba. Yadda aka kawo su a ninke, haka nake ɗauka da hannu biyu in tsoma a ruwa.

Yayana ya girme ni da shekara tara, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Idonsa ya mutu shekara uku ke nan, yana zaune a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu. Har yau da furfurata Auta yake ce mini.

Wata safiya ya ce, "Auta, duba mini katin asibiti cikin akwatin nan."

Na buɗe akwatin ƙarfen, na ɗaga takardu, sai ga haraminsa a ƙasa. Yanki biyu ne, waɗanda ya yi aikin hajji da su shekara ashirin da shida da suka wuce. Ya jiƙa su da zamzam a can, ya shanya, ya ninke, kuma kowa a gidan ya san cikinsu yake so a rufe shi. Da na ɗago sai na ga duk bakin ninkin ya yi layi-layi ruwan ƙasa, tsakiya ma ta dafe. Wani zai gani ya mayar. Ni idona ba ya jure ganin farin da ya dafe, cuta ce ta sana'a. Na ce a raina, a ce yayan mai wanki za a naɗe cikin wannan, mutane na kallo? Na miƙa masa katinsa, na cusa haramin a hammata na fita. Ban tambaye shi ba, don na san amsar.

A shago na hura wuta ƙarƙashin ƙaramar tukunya, na zuba sabulu da soda. Ran nan kayan ibada kaɗan ne, mayafin teburin coci biyu da wata sabuwar farar riga mai nauyi da aka aiko daga wurin Fada, a ninke tsaf. Na yi bisimilla na sa su, na ɗora haramin a kai, na rufe, na koma kan guga.

Da na dawo na ɗaga murfi, sai da muciyar juyawa ta faɗi daga hannuna. Ruwan ja ne wur, yana tafasa, kamar a nan aka yi yanka.

Na tsaya ina kallo. Na rufe, na sake buɗewa, wai ko tururi ne ya ruɗe mini ido. Na sa muciya na ɗago rigar Fada, ta warware, sai ga cikinta. Ashe mai fuska biyu ce, waje fari, ciki ja, irin jan da ke zuba. Haramin kuwa auduga ce zalla mai shan ruwa kamar tawul, ta shanye rinin nan tas.

Ban san na yi ihu ba sai da matata ta shigo da gudu, don shagon a jikin gida yake.

"Malam, ƙonewa ka yi?"

Na nuna mata bahon da na juye kayan. Ta duba, ta ce, "To ai Fada mutumin kirki ne, za ka ba shi haƙuri." Sai ta sunkuya ta taɓa ɗaya yankin, ta ji saƙarsa. Ta ɗago a hankali.

"Wannan ba... Malam, ka ce mini ba na Yaya Alhaji ba ne."

Na kawar da kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Shi ya ba ka?"

"Ni na ɗauka."

Ta ɗora hannu biyu a ka ta zauna kan buhun gawayi. "Kai da ko allurar mutane ba ka ɗauka? Likkafanin yayanka ka sato ka rine shi kamar zanen amarya?"

"Rage murya, yana jin ki."

"Yanzu ka san yana da kunne!"

Duk abin da na sani a sana'ar nan na yi. Na ɗauraye da ruwan sanyi sau bakwai. Na jiƙa da gishiri, na jiƙa da lemon tsami, na shimfiɗa a rana kan kwanon rufi. Jan ya ragu, ya koma ruwan hoda, ya kafe a nan. Na ɗiga maganin cire launi a gefe ɗaya don gwaji, sai zaren ya ruɓe tsakanin yatsuna, don yadin ya tsufa. Na tsaya. Na gane in na ci gaba, ba fari zan samu ba, tsumma zan samu.

Da la'asar na ɗauki rigar Fada na kai masa. Yana zaune a baranda da tabarau a kan hanci. Da ya warware ta ya ga fuskar farin ta koma ruwan hoda, bakinsa ya buɗe.

"Baba mai wanki! Kai ne kuwa?"

"Ni ne, Fada. Ban buɗe ta ba."

"Ai laifina ne, da na aiko da bayani. Guda ɗaya ce take aikin biyu. Ranar murna in sa farin a waje, ranar da muke tuna waɗanda aka kashe saboda imaninsu in juyo jan." Ya yi ɗan murmushi. "Kuma ba ta lalace gaba ɗaya ba. Muna da rana biyu a shekara da ake sa ruwan hoda, a tsakiyar kwanakin tuba, don a ɗan numfasa. Ka ga ka yi mini sabuwa."

"Ku kowane launi kuna da ranarsa," na ce. "Mu ɗaya ne. Da fari muke zuwa ɗakin Allah, mai kuɗi da talaka ba a gane wa ye wa, da fari kuma ake mayar da mu ƙasa."

Sai na gaya masa abin da ke cikin tukunyar tare da rigarsa. Murmushin ya ɗauke. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Na binnewa?"

"Na binnewa."

"Ya sani?"

"Ba ya gani, Fada."

Ya daɗe yana kallona. "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, Baba."

Na yi masa sallama na tafi. Amma maganar da na faɗa da bakina ta bi ni har gida: ba ya gani. Hanya biyu ce gabana in ba zan faɗa masa ba. In mayar da mai ruwan hodan, to ranar da aka buɗe akwati gaban liman da jama'a kowa zai ga abin da na yi. Ko in sayo wani fari. Washegari na shiga kasuwa, kanti huɗu na zaga ina murza yadi da yatsa har na sami harami mai saƙa irin tasa. Na wanke shi sau uku don ya yi laushi, na turara shi, na ninke bisa ninkin tsohon. Da Yaya ya fita alwala na saka a akwatin. Nasa na ainihi na ɓoye a shago, ƙarƙashin teburin guga.

Matata ta ce, "Ni babu ruwana, kuma kada ka ce na sani."

Kwana uku ba abin da ya faru. Har na fara cin abinci da daɗi. Ranar Juma'a da hantsi sai na ji muryarsa.

"Auta."

Na shiga. Yana zaune bakin gado, akwatin a buɗe, sabon haramin a kan cinyarsa. Ashe duk Juma'a sai ya ciro shi ya shafa ya mayar. Shekara uku muna gida ɗaya ban sani ba.

"Rufe ƙofa," ya ce. Na rufe. "Wannan na wa ye?"

"Naka ne mana, Yaya."

Ya ɗaga gefen yadin, ya bi shi da yatsa tun daga wannan kusurwa har waccan. "Nawa yana da yagewa a nan, inda ya maƙale a ƙofar mota. Ni na ƙulle zaren da haƙorina. Ina ƙullin?"

Na durƙusa.

"Ɓarawo ya shigo ne? In ɓarawo ne ka faɗa mini, zan yi haƙuri. Amma ban taɓa jin ɓarawon da ke barin canji ba."

Na gaya masa komai. Na fara daga katin asibiti har zuwa kanti na huɗu. Bai katse ni ba.

"Ɗauko mini nawa."

Na ɗauko na sa masa a hannu. Ya laluba har ya sami ƙullin, ya riƙe shi. Ya kai yadin hanci ya shinshina, ya kawar da kai.

"Sabulu," ya ce. "Ka wanke zamzam ɗin."

Wallahi sai a lokacin na tuna da wannan. Kwana huɗu ina kuka kan launi, ban taɓa tunanin abin da ruwan zafin ya fitar ba.

"Yanzu wane launi ne?"

"Ruwan hoda, Yaya."

"Ruwan hoda." Ya maimaita a hankali kamar sunan wata cuta. "Ni? Da gemuna?"

"Ya ɗan yi haske daga gefe."

"Rufe mini baki. Daga ina jan ya zo?"

"Rigar Fada."

Ya juyo da fuskarsa sosai wajena, idanun nan da ba sa gani suka buɗe. "Rigar coci? Auta, rigar coci ka dafa da haramina?"

"Tukunyar kayan ibada ce, ba a sa ƙazanta ciki."

Ya murza gefen yadin da yatsa. Can ya ce, "Su me jan yake nufi a wurinsu?"

Na gaya masa abin da Fada ya ce, na waɗanda aka kashe saboda imani. Ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya ɗora tsohon haramin kan cinyar dama, sabon kan hagu, yana shafa su bi da bi.

"Fari aka fi so," ya ce. "Aka fi so, ba a ce dole ba, ka je ka tambayi liman in kana shakka. Wannan shi ya tsaya tare da ni a rana, shi ya sha gumina, shi ya ji abin da na roƙa. Da shi za a naɗe ni daga ciki. Wannan na kantin a sa daga waje, don kada yara su yi dariya a maƙabarta."

Na fara hamdala, hawaye na zuba. Na ce, "Yaya, Allah ya saka, Allah ya ƙara girma, wallahi ni..."

"Ban gama ba."

Na share hawaye.

"Da ka zo ka ce Yaya na yi ɓarna, da na zage ka, na zagi tukunyarka, mun wuce wurin. Amma ka zauna ka yi lissafi cewa makaho ne. Ka je kasuwa da wannan lissafin, ka dawo da shi, ka kwana uku da shi, kana shigowa kana gaishe ni." Ya ninke yadin da kansa, ya laluba ya saka a akwati. "Ranar da na mutu, kada ka sa hannu a wankana. Mamaci ma ba ya gani."

Na ɗaga kai ina jiran ya yi dariya, don Yaya mutum ne mai zolaya. Bai yi ba. Ya kira matata, ya sa aka kira liman bayan an sauko daga masallaci, ya maimaita a gabansu. Matata ta toshe baki da mayafi. Liman ya ce, "Alhaji, ƙaninka ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya." Yaya ya ce ya sani, shi ya goya ni.

Bai daina yi mini magana ba. Wata bakwai ya ƙara a duniya, ni nake yanke masa farce, ni nake kai shi asibiti, yana kirana Auta yana tsokanar matata kan gishirin miya. Sau biyu na ɗauko zancen, sau biyu ya ce in miƙo masa carbinsa.

Ya rasu wata Talata da safe. Liman da ɗan Yaya na fari suka shiga ɗakin da baho da sabulu. Na bi su har bakin ƙofa. Liman ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ja labule. Na tsaya a waje ina jin ƙarar ruwa, in buta ta ƙare su miƙo ta gefen labule in cika in mayar.