Taku Ɗari Huɗu Daga Gindin Ɗinya

A shekarar da ruwan madatsar Tiga ya janye har kututturen ɗinya ya fito, Malam Ɗantani bai tsaya sauraron labari a bakin masunta ba. Da ƙafarsa ya je ya gani, ya dafa baƙin itacen da hannunsa, ya dawo gida ya sa aka kira masa a waya ƙanwarsa Baturiya da ke aure a Doguwa.

"Ki taho ranar Juma'a," in ji shi. "Asabar za mu taka. Bana zan nuna miki inda Inna take kwance."

Mutanen Sabuwar Ɗinya suna da wata al'ada tun lokacin da aka datse kogi aka tashe su daga tsohon garinsu, Kwarin Ɗinya, shekara hamsin da 'yan kai ke nan. Duk bazara, idan ruwa ya ja baya, sukan ware rana guda su taka zuwa kufansu. Ba a hawa babur, ba a hawa keke. Wanda ƙafarsa ba za ta kai shi ba sai ya zauna a gida a kawo masa labari. Yawancin shekaru iyakarsu unguwar sama, su tsaya a bakin ruwa suna nuna sauran garin da yatsa. Bana kuwa ruwa ya saki garin kusan duka.

Tun rasuwar mahaifinsu Ɗantani ne ke jan gaba. Dogo ne, mai dogon taku, kuma a kan hanya yake shirya waƙar garin, wadda ke lissafa kowane rafi da kowace bishiya da aka bari. A zaune ko baiti ɗaya ba ya zuwa masa. Sai ya miƙi hanya, ƙafa ta kama kiɗanta, sannan bakinsa ya buɗe.

Abin da ya sa ya kira Baturiya tsohon zance ne. Mahaifiyarsu ta rasu a daminar ƙarshe kafin tashi, yana ɗan shekara tara, ita kuwa ba a daɗe da yaye ta ba. Ana gobe za a kwashe kaya, mahaifinsu ya ɗauki dutsen niƙan marigayiyar ya kai shi kan kabarinta ya kafa, don ya san ruwa zai share tudun ƙasa amma ba zai ɗauke dutse ba. Sai ya tsayar da Ɗantani a gindin ɗinyar da ke tsakiyar gari, ya juya masa fuska wajen wani dutse mai tsaga a ka da suke ce wa Dutsen Kurciya, ya ce ya taka yana ƙirgawa har kan kabarin. Ɗari huɗu cif ya samu. Wannan lamba ba ta taɓa kwanta masa ba.

Sau ɗaya ɗinyar ta taɓa fitowa, shekara goma sha tara da suka wuce. A lokacin Baturiya tana jego ba ta zo ba. Ya taka ɗari huɗunsa, ya tona, bai sami komai ba, ya ɗora wa taɓo laifi. Bana ƙasa ta bushe ta tsattsage, babu abin da zai karkatar masa da ƙafa.

Baturiya ta iso da yammacin Juma'a da ƙullin barkono da labari maras daɗi.

"Yaya, a wajenmu fa an yi ruwa sau biyu. Rafuka sun fara gudu."

"Kafin ya gangaro mun gama," in ji shi. "Ki dai ci abinci ki huta."

Da aka idar da sallar asuba suka fita, su wajen arba'in, maza da mata, kowa da gorar ruwa. Suka ratsa lambunan albasa da aka riga aka cire, suka wuce inda masunta ke shanya koma, suka bi tsohuwar hanyar jakuna da yanzu ba mai binta sai su. Ɗantani yana gaba yana rera waƙa, ana amsa masa. In ya ambaci wuri sai wani tsoho ya ce a tsaya, ya ba da labarin wanda kura ta taɓa kora a nan, a yi dariya, a ci gaba. Akwai kuma wuraren da ba a magana. A kan gangaren da aka bi da kaya ranar tashi, kowa shiru yake yi da abin da ke ransa, sai ƙarar takalma a kan tsakuwa.

A bakin fadama suka tarar da Lado yana jiransu, jingine da sandarsa. Bafulatani ne sa'an Ɗantani, tun suna yara yake kiwo a bayan tsohon gari, kuma har yanzu shi ke fara sakin shanu a ciyawar da ruwa ya bari.

"Sannu, masuncin dole," in ji Lado. "An zo neman gero a gidan kifi?"

"An zo duba ko shanunka sun bar mana katanga ɗaya a tsaye."

"Katangarku tarwaɗa ta cinye tun kafin a haifi kakar shanuna." Ya gaisa da Baturiya, sannan ya ɗaga haɓa ya nuna kudu, inda sama ta yi nauyi a kan duwatsu. "Abin da za ku yi ku yi shi yau. Jibi warhaka ɗinyar nan sai a kwalekwale."

Da hantsi suka shiga kufai. Babu abin da ya rage sai layukan duwatsun tushe da fasassun tukwane, amma kowa ya san ƙofar gidansu. Aka yi yadda aka saba, kowane mai gida ya je ya tsaya a inda zaurensu yake, sauran jama'a suna zagayawa suna sallama. Iya Halima, wadda ta fi kowa tsufa a cikinsu, ta tsaya a kan wani fili fetal ta riƙe ƙugu.

"Wa'alaikumus salam. Ku shigo, amma ku cire takalma, yanzu na share."

Ɗantani bai bari aka daɗe ba. Ya je gindin ɗinya, ya jingina bayansa da kututturen, ya sa tsagar Dutsen Kurciya a tsakanin idanunsa, ya yi bismillah ya fara. Ba ya sauri, ba ya waige. Jama'a suka biyo shi a baya. Da ya kai ɗari huɗu ya tsaya ya ce, "Nan ne."

Lado ya caka sanda. Ta shige sumul. Ya caka a dama, ya caka a hagu, ya zagaya Ɗantani kamar mai kafa turke. Wasu suka sa fartanya suka tona har gwiwa, babu komai sai baƙar laka da ƙwanson kifi.

"Ko dai ɗari biyar ne?" in ji wani.

"Ɗari huɗu ne."

"Yaro ɗan shekara tara, ranar tashi, ga kuka ga ruɗani," in ji Iya Halima a hankali. "Ba abin kunya ba ne in ka manta, Ɗantani."

"Iya, sunana zan iya mantawa. Wannan ban manta ba."

Ya faɗa ba tare da ɗaga murya ba. Ya yi wa Baturiya alkawari, yarinyar da yanzu take da jikoki, wadda ba ta san fuskar uwarta ba balle inda aka sa ta. In ruwa ya rufe wurin nan, wa ya san wanda zai kai wata shekara goma sha tara a cikinsu? Ya waiga don ya ce mata zai sake takawa, sai bai gan ta a cikin mutane ba.

Can baya ya hango ta, ita kaɗai, a tsaye a tsakiyar fili tsakaninsu da ɗinya, ta riƙe bakin mayafinta.

"Baturiya, ƙafa ce?"

"A'a, Yaya," ta ɗaga murya don ya ji. "Ni ma ƙirgawa nake yi a bayanka. Tawa ɗari huɗun a nan ta ƙare. Na ce bari in tsaya kada in ɓata lissafi."

Wasu suka yi dariya. Ɗantani bai yi ba. Ya dubi ƙanwarsa, gajeriya, ga ɗaurin zani da ba ya barin ƙafa ta buɗe. Ya sunkuya ya dubi nasa dogayen ƙafafun kamar yau ya fara ganinsu. Sai ya tuna ranar, mahaifinsu yana tafe a gefensa yana rage taku don kada ya wuce shi, da yadda kansa bai kai ƙirjin mahaifin ba.

"Lado," in ji shi, "da ƙafar yaro na ƙirga."

Lado ya dube shi daga sama har ƙasa. "Shekara hamsin kana yawo da waɗannan gwangwalayen, ba ka taɓa lura sun yi tsawo ba?"

"Kai ma da kake kallonsu kullum ba ka faɗa mini ba."

Ya juya ya nufi inda Baturiya take, ya ce mata kada ta motsa. Ya san takunta ba zai zama daidai da na wancan yaron ba, amma ba zai yi nisa ba. Ya sa kowa ya nemi abin caka, mai sanda da sanda, mai fartanya ya juya ƙota. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa kamar ranar shuka, suka faro daga taku ashirin bayan Baturiya, a ɗaga ƙafa tare, a caka tare. Ɗantani ne ke ba da murya, "Taka," a taka, "Caka," a caka.

Sun wuce Baturiya da taku bakwai sandar Iya Halima ta yi ƙara.

Ba a sa fartanya ba. Da hannu aka yaye lakar, ba ta fi tsawon tafi ba don wurin jigawa ne. Dutsen ya fito baƙi, yana tsaye a gicciye yadda aka kafa shi, da kwarmin da shekarun niƙa suka yi masa, da ɓallin nan na gefe da Ɗantani ya sani, don shi ya yi shi da taɓarya aka zane shi a kai.

Ya matsa gefe ya ba ta wuri. Baturiya ta durƙusa ta sa tafin hannunta a cikin kwarmin, ta bar shi a nan. Ba ta yi kuka mai sauti ba. Limamin gari da ke cikin tafiyar ya ja addu'a ga Inna da duk waɗanda ke kwance a wurin, aka shafa.

Kafin su juya, Ɗantani ya karɓi sandar Lado. Ya kwantar da ita a ƙasa daga jikin dutsen, ya ɗaga, ya sake kwantarwa, jama'a suna ƙirgawa da baki ɗaya har gindin ɗinya. Ɗari da arba'in da biyu.

"Sandar nan ta zama tamu," in ji shi. "A masallaci za a rataye ta."

"Manomi da ƙwace," in ji Lado. "Ni da me zan kora shanu, da waƙarka?" Amma bai miƙa hannu ya karɓa ba.

Sun fara hawa gangare iska mai sanyi ta taso daga kudu, da ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa a wani wuri. Ɗantani bai koma gaba ba. Ya bar matasa suka ja hanya, shi ya jera da Baturiya, yana datse takunsa don ya zo daidai da nata. Abin ya yi masa wuya da farko, ƙafa tana son ta miƙe. Da suka kai lambunan albasa ya saba, har ta ji yana gunguni, yana gwada yadda ɗari da arba'in da biyu zai zauna a cikin baiti.

"Bai hau ba, Yaya," in ji ta.

"Zai hau. Da sauran tafiya."