Amsoshina, Sunan Almu

"Kada ka ɗaga min murya a ɗakina," in ji Kawu Uwaisu.

"Ban ɗaga ba. Tambaya na yi."

Ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga Kano bayan na gama sakandare, ya ajiye ni a flat ɗinsa na Tottenham a Landan, a kan katifa kusa da hita mai warin kananzir. Ya ce wani kamfanin mai zai horar da ɗan Najeriya a aikin kwamfuta. Gurbi ɗaya ne tak, jarrabawar kuma ta gwajin hankali ce zalla. In ban samu ba, bizata ta ƙare, sai gida.

Duk hunturun nan atisayen irin tambayoyinta na yi ta yi. Duk direba yana da lasin, Maje ba shi da lasin, me za a ce game da Maje? Luba ta girmi Hansai, Hansai ba ta kai Ramatu ba, wace ce ƙaramarsu? Kawu ne ya koya min in daina amsawa da son zuciya.

"Abin da layi biyun suka ba ka kawai," yakan ce. "Ban da ƙarin gishiri."

Ran da ya kawo takardar gaske, wadda ake yi a gida a mayar, na gama kafin la'asar. Zan rubuta sunana sai ya riƙe biron. Wai shi zai cike saman, akwai yadda Turawa suke so. A gidanmu ba a musu da kawu. Na miƙa masa da hannu biyu.

Jiya bayan sallar Juma'a Almu ya tare ni. Ɗan Alhaji Mijinyawa ne, mai gida a Marylebone, wanda Kawu yake tuƙa wa mota. Ya rungume ni, sai ƙamshin turare yake.

"Mutumina, an yi accepting ɗina a kamfanin man nan! Wallahi kanka yana ja. Ni tambayar ƙarshen nan ko karanta ta ban iya ba."

Ya ɗauka na sani. Har godiya ya yi min.

Shi ya sa yau da safe nake tsaye a kan Kawu, shi kuma yana shan shayi.

"Ka ce duk wanda ya warware takardar shi za a ɗauka. Ni na warware. Ƙarasa min."

"Layin farkon ne ba daidai ba."

"Kai ka ba ni shi."

Ya ajiye kofin. "To ga wata, tunda ka zama malam. Alhaji ya fi ni. Ni na fi ka. Flat ɗin nan ma da sunansa aka kama. Ƙarasa."

Ban ƙarasa ba. Tambayar ta fi duk waɗanda ya taɓa ba ni sauƙi.

"Baɗi ma za a ɗauka," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Alhaji ya ce zai duba lamarinka. Haƙuri za ka yi, ɗana."

"Bizata ba za ta kai baɗi ba."

Ya miƙe ya sa kwat ɗinsa, ya ɗauki makullin mota. Alhaji yana jira. Ya kai bakin ƙofa bai kalle ni ba.

"Kawu," na ce. "Tun muna Kano ka san ba ni za a ɗauka ba, ko sai da ka ga na iya?"