Ranar da Na Wanke Bargon Gadamas

Ƙarfe biyu da rabi na danna injin wankin na shiga kicin. Da na fito, uku saura kwata, sai na tarar da shi tsaye ƙiƙam, ko juyi ɗaya bai yi ba. Ya ja ruwa kaɗan, iya wanda ya jiƙa abin da ke ciki, ya kulle ƙofarsa, ya yi shiru. Wata 'yar jar fitila ce kawai take ƙiftawa a goshinsa.

Da kayan yara ne a ciki, tsaki zan ja in tafi harkar gabana. Amma abin da ke kwance a bayan gilashin nan, kowa a gidanmu ya san shi ko daga nesa ya hango.

Bargo ne fari na ulu, mai jan zare a baki. Kakan kakanmu ya zo da shi daga Gadamas a kan raƙumi, tun kafin ya kafa gidan nan na Ƙofar Mazugal. Ba a lulluɓa da shi don sanyi. Aikinsa ɗaya ne: duk wanda ya rasu a zuriyar nan, da shi ake rufe makararsa har bakin kabari. Ranar sadakar uku babbar matar gida ta wanke shi, a mayar adaka a kulle. Muddin kowa yana numfashi, ba a buɗe adakar nan, balle a ce an ga bargon a ruwa. Ga kuma Baba Abdurrahman, yayan mahaifina kuma mahaifin mijina Bashir, wata biyu ke nan yana kwance, ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi.

To a irin wannan lokacin ne ni Sa'adiyya, matar ɗa, na ɗauko bargon makara na jefa a inji.

Ba karambanina ba ne. Da safe na kai wa Baba kunu, ya jira har matarsa, Hajiya 'Yardada, ta fita alwala, sannan ya zura hannu ƙarƙashin matashi ya miƙo mini makulli.

"Rabon bargon nan da fita tun ranar jana'izar mahaifinki, Malam Ali," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "An yi ruwa ranar. Na duba shi bara, jar ƙasar maƙabarta tana nan a jikinsa, ba a wanke ba. Ba na so a ɗauke ni da datti a gaban mutane."

"Baba, Allah zai ba ka lafiya."

"Amin. Ki dai wanke. Kada Hajiyarku ta sani, kada kowa ya sani. Kin yi mini alkawari?"

Na yi masa. Me zan ce wa mutumin da ya riƙe ni tun ina rarrafe? Lissafina mai sauƙi ne. Bayan azahar Hajiya tana ɗan kwantawa, yara suna Islamiyya, inji zai gama cikin minti arba'in, in haye saman soro in shanya inda ba mai hawa. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne ƙarfen da shekara biyu bai taɓa ba ni kunya ba zai zaɓi yau.

Injin kuwa a tsakar gida yake, ƙarƙashin rumfar kwano, daidai inda duk wanda ya fito daga zaure sai ya wuce. Kuma kullum ana kiran la'asar Goggo Ummi, ƙanwar Baba, take tahowa daga Dukawuya dubiya, da matan da ta kwaso a hanya. Goggo Ummi idan ta ga abu da ido ɗaya, kafin magariba an ji shi a Ƙofar Ɗan Agundi. Har na ji yadda za ta faɗa: matar Bashir ta gaji da jinya, ta fara wanke wa tsoho kayan tafiya. Wannan magana idan ta fita ba ta dawowa. Zan tsufa da ita, 'ya'yana ma a riƙa nuna su. Ba kuma ni da bakin kare kaina, tunda na yi alkawari.

Na sake danna madannin. Ya yi ƙara sau uku, wani ɗan gurnani ya fito daga bayansa, ya koma shiru. Na ja ƙofar, kamar an yi mata walda.

Na fara da wuta. Fankar rumfa tana juyawa, sitabilaiza tana nuna kore. Na zare filogi, na ƙirga sittin, na mayar. Jar fitilar ta dawo kamar ba ta je ko'ina ba. Na jawo wayar wuta daga ɗakina na canja soket, duk ɗaya. Na tura ƙofar da gwiwa ko ba ta kama da kyau ba ne. Na murɗa shi daga wankin ulu zuwa ɗauraya, zuwa matsa, na dawo. Har marinsa na yi a gefe, abin da nake yi wa Bashir dariya idan ya yi wa rediyo.

Uku da minti biyar. Na ciro zanen atamfa daga igiya na yafa a kan gilashin, na danne da robar omo.

Bashir yana shago a Kantin Kwari, kuma da na kira shi tambayar farko ita ce me na saka a ciki. Mai gyara kuwa sai ya shigo har tsakar gida ya leƙa. Saura ƙanwata Husaina, wadda take da irin injin a gidanta. Na shige lungun kicin na kira ta.

"Ya kulle kuma ya ƙi tashi? Akwai ruwa a cikinsa?"

"Kaɗan."

"Shi ya sa ba zai buɗe ba. Yaya, ko kin cika masa kaya ne? Me kika zuba?"

"Bargo."

"Bargo da wannan zafin?"

"Husaina, gyara na tambaye ki."

Ta ji muryata, ta bar wasa. Ta ce in duba ko yara sun danna makullin da ke hana taɓa madannai. Na duba, ba su danna ba. Ta ce in kara wayar a jikinsa in sake dannawa. Na yi.

"Wannan gurnanin ruwa yake nema. Tankinku ya ƙare."

"Jiya aka cika shi."

"Je ki gani dai."

Na buɗe famfon kicin, ruwa ya zubo da ƙarfi har ya fallatsar mini a riga. Na gaya mata. Ta ce to matatar bakin tiyo ce ta toshe, yashin rijiyar burtsatse yana yin haka. Na durƙusa na ja injin gaba, nauyinsa kamar buhun shinkafa biyu, na tura hannu baya na kama bakin tiyon. Ya ƙi murɗuwa. Na naɗe shi da gefen zanena na murɗa har fatar yatsana ta saluɓe. Na riga na kawar da fuska ina jiran ruwa ya feso mini.

Ko ɗigo bai fito ba. Matatar ma tas take.

A daidai lokacin ladanin masallacin bakin layi ya hura lasifika, yana gwada ta kafin kiran la'asar. Gabana ya faɗi. Lokacin zuwan Goggo ya kusa.

"Babu ruwa a bututun gaba ɗaya," na ce.

"To an rufe shi daga wani wuri. Bi bututun da ido har inda ya fito, za ki ga wani ɗan hannu ja. Idan ya gicciye, a rufe yake."

Na mayar da tiyon na ɗaure, na miƙe. Gidanmu tsohon gini ne na ƙasa, ba a fasa bango a binne bututu, a waje ake bi da shi. Na bi shi ta ƙarƙashin rumfa, ya zagaya bayan randuna, ya shige siririn lungun da ke bayan ɗakin Baba, inda mai aikin famfo ya jona shi da na banɗakin Hajiya. Shekara biyu ban taɓa leƙa lungun nan ba.

Hajiya tana zaune a ciki, a kan kujera 'yar tsugunno. Carbi a hannun dama. Hannun hagunta yana kan ɗan jan ƙarfen, ga shi a gicciye.

Na kashe wayar. Na durƙusa a gabanta.

"Sannu da hutawa, Hajiya."

Ta ja carbi ɗaya, biyu.

"Na ji kina ta dukan ƙarfe," ta ce. "Ba laifinsa ba ne."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Minti arba'in ina fama, yatsa yana jini, ashe tana nan tana ji. Amma ban ɗago kai ba.

"Wa ya aike ki, Sa'adiyya?"

Na ɓoye yatsan da ke jini a cikin zanena.

"Ba za ki faɗa ba."

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Shekara arba'in da shida makullin adakar nan yana ƙarƙashin matashin Alhaji. Ko ni ban taɓa ɗauka ba sai ya miƙo mini. Kin zaci zan ce sata kika yi?" Ta juyar da fuska wajen bango. "Na fito zan zuba wa kaji ruwa, na ga bargon ta gilashi yana jiƙewa. Ban san lokacin da na zo nan ba."

Aka fara kiran salla. Muka saurara har ya kai ƙarshe. Ni ina amsawa a baki, zuciyata tana zaure.

"Ni ya kamata in wanke shi bayan mahaifinki," ta ce. "Na ɗebi ruwa, na kawo sabulu, na zauna. Sai na ƙirga. Su biyar ne a ɗakinsu maza, huɗu sun tafi a ƙarƙashinsa, saura Alhaji. Na ce idan na wanke na ninke, wa nake gyara wa? Na mayar da shi da ƙasarsa. Shekara uku ina gaya wa kaina ai bargon bai shirya ba." Ta yi 'yar dariyar da ba ta da daɗin ji. "Tsohuwa da carbi a hannu, tana wannan tunani. Allah ya yafe mini."

Haushin da nake ji ya zube, tausayi ya maye wurinsa, har na rasa inda zan sa idona. Amma agogo bai tsaya ba.

"Hajiya, Goggo tana hanya. Ƙofar ba za ta buɗe ba sai ya gama. Idan ma so kike in fitar da shi yadda yake, sai an ba shi ruwa tukuna."

"Ya ce miki yana jin kunyar dattin?"

Ta kalle ni, ta gane.

"Mutumin da ko kasuwa ba ya zuwa da riga ta kwana biyu," ta ce a hankali.

Daga zaure muka ji sallama, murya uku ko huɗu, ta Goggo Ummi a sama. Muka ji ƙarar takalma a kan dakali.

Hajiya ta dubi hannunta a kan ƙarfen kamar hannun wata. Ta yi bisimilla, ta murɗa. Na ji ruwa ya ruga cikin bututun ya wuce ta gefen kunnena.

"Tashe ni."

Na kama ta muka fito. Ta wuce ni zuwa rumfa, ta ɗauke robar omo, ta yaye atamfar da na rufa ta miƙo mini.

"Danna."

Na danna. Jar fitilar ta mutu. Ruwa ya shiga, gangar ciki ta juya sau ɗaya, ta tsaya, ta sake juyawa. Farin ulun ya ɗago ya faɗo, jan zaren ya shafi gilashi, ruwan ya fara komawa launin ƙasa.

Goggo Ummi ta shigo da mata biyu a bayanta. Gaisuwar da ta ɗauko ta tsaya mata a baki. Ta dubi gilashin, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ga jinin yatsana da jiƙaƙƙiyar rigata.

"Sa'adiyya, me nake gani haka? Yayana yana da rai?"

"Ni na sa ta," in ji Hajiya. Ta jawo kujera ta zauna a gaban injin. "Wankin da ban yi ba ne tun na Malam Ali. Idan da magana, ga ni."

Goggo da matan suka sunkuyar da kai suna gyara mayafi.

Tagar ɗakin Baba tana kallon rumfar. Ashe tun azahar kunnensa yana waje, yana jiran ƙarar da bai ji ba. Muryarsa ta fito ta bayan labule, siririya.

"Sa'adiyya, ya tashi?"

Na buɗe baki, Hajiya ta ɗaga mini hannu. Ba ta juya wajen tagar ba, idonta yana kan bargon, hawaye yana bin kumatunta.

"Ya tashi, Alhaji," ta ce. "Amma ulu ne, ka san shi, yana daɗewa bai bushe ba. Kuma a inuwa zan shanya."