Langar Maradi a Villeurbanne

Tanti Raliatou ta zauna a kan jakar goyon, ta ce babu inda za a je.

"Tanti, motar za ta tashi ta bar ni."

"Ta tashi mana. Wa ya aike ki Lyon ranar jajibirin Nowel?"

Hamdiya tana tsaye bakin ƙofa, takalmi a ƙafa. Da raɗa ake faɗan, domin Tonton Salmanu, mijin Tanti, yana barci a ɗaki. A kasuwar Rungis yake kwana yana sauke kwalayen kifi, rana ita ce darensa. Kwanakin da Hamdiya ta yi a gidan nan na Sevran, a gefen Paris, a kan doguwar kujerar falo ta yi su, kuma ko sau ɗaya ba ta zazzage jakarta ba. Abin da take so kawai take zarowa, ta mayar ta ɗaure.

Haka ta saba. Tun da ta gama karatu a Fes ta Maroko ta ɗauki jakar nan ta ƙetare ruwa. Ta kwana a ɗakunan matafiya a Sevilla da Barcelona da Marseille, tare da mutanen da ba ta sake ganinsu ba. Yanzu ta samu aiki a wani ɗakin bincike a Villeurbanne, a gefen Lyon, za ta fara bayan sabuwar shekara, ta kuma kama ɗaki.

"Aikin wanke kwalabe," in ji Tanti. "Nan Salmanu zai nema miki na biro, na zaman ofis, a Rungis, ki ci abinci cikin mutane. Ke ba ki san ƙasar nan ba. Mutum ya mutu a ɗakinsa, sai wari ya gaya wa maƙwabta."

"Ba mutuwa zan je yi ba."

"Ji bakinta. Bakin uwarta sak." Tanti ta miƙe daga kan jakar tana dafa gwiwa. "To saurara. Na saya miki tikitin dawowa, gobe da yamma, yana cikin wayarki. Ki kwana ki wuni ki gani. In wani ya ƙwanƙwasa miki ƙofa, ko da ɓatan hanya ya yi, na yarda, ki zauna. In babu, ki hau mota ki zo. Kada ki sa in kira Yaya in ce 'yarta tana zaune kamar mayya."

Ta cusa mata ƙunshin kilishi a aljihun jakar, ta juya baya don kada a yi sallama mai tsawo.

A cikin motar kowa da kwali mai ƙyalli a cinya. Matar da ke kusa da Hamdiya ta yi waya tun daga Paris har suka wuce gonakin da sanyi ya ƙone, tana lissafa wa wani abin da za a saka a tanda. Hamdiya ta jingina kai da gilashi. Ba wanda yake jiranta, don haka ba ta duba agogo ba.

A Villeurbanne mai gadin gidan hayar ta miƙa mata mabuɗi da riga a kafaɗa, ta nuna mata matattakala da haɓa, ta ce "Bonnes fêtes," wato barka da biki, ta fita da sauri. Ɗakin yana sama. Gado, tebur, murhun lantarki, taga mai kallon layin taram, jirgin ƙasan nan na cikin gari. Hamdiya ta jingina jakar a bango. Da ta leƙa ƙasa ta ga ana ta ja wa kantuna ƙofofin ƙarfe, mutane na fitowa da ledoji kamar gobe za a yi yaƙi. Ta yi tunanin sauka ta sayi burodi da ƙwai, sai ta fasa. Gobe Nowel. Wa yake sayen abinci ranar Nowel?

Nowel ɗaya ta sani, ta Maradi. A Fes ba a yi. A Maradi kuwa katanga ɗaya ta raba su da Madam Agathe, telar nan 'yar Benin, wadda kowace shekara take kawo kajinta mahaifin Hamdiya ya yanka mata don kowa ya iya ci. Kafin azahar kwanuka sun fara yawo a layin. Shinkafa ja, soyayyar kaza, cincin. Gidan da ba su taɓa gaisawa da ita ba ma sai an kai. Da Sallah kuma kwanukan su juya. Garin da kowa Kirista ne, in ji Hamdiya a ranta, ai sai mutum ya rasa inda zai ajiye kwano.

Da safe ta yi wanka, ta share ɗakin da bai yi datti ba, ta ɗaura ɗankwali mai kyau. Ta zaro langarta daga ƙasan jaka ta ajiye a tebur, don a samu inda za a juye. 'Yar langa ce mai murfi, fara da furanni ja, gefenta ya ɗan ɓantare. Mahaifiyarta ta saka mata ita ranar da za ta tafi Maroko. A ɗakunan matafiya an sha yi mata dariya a kanta, masu kwanon roba mai naɗewa suna tambaya ko tukunyar kakarta ce.

Ta zauna bakin gado.

Ƙamshin nama ya biyo matattakala. A hawan ƙasa ana jan kujeru, yara na ihu, wani ya fasa kofi aka yi dariya. Sau biyu ta ji taku yana hawowa, ta gyara ɗankwali. Na farko ya wuce sama. Na biyu ya tsaya, ya yi tari, ya buɗe ƙofar da ke kallon tata, ya rufe da sakata.

Rana ta yi tsaka, in za a kira wannan farin abin rana. Ta sauka. Titi wayam. Kantin burodi a rufe, babban kanti a rufe, har kantin magani. Taram ya wuce da mutum ɗaya a ciki. Ta bi layin har gaban jami'a, manyan gine-gine babu kowa, kekuna a ɗaure, ganye a jiƙe. A kowace taga ta gidajen mutane akwai fitilu masu kyaftawa da kawuna kewaye da tebur. Sai a nan ta gane. Bikin nasu ciki yake kallo. Ana rufe ƙofa ne a kansa.

Da ta ƙara tafiya da wataƙila ta samu kantin Larabawa a buɗe. Ba ta nema ba. Yunwar ba ita ce ta dame ta ba.

Waya ta yi ƙara tana kan matattakala.

"An ƙwanƙwasa?" in ji Tanti, ko gaisuwa babu.

"Da saura lokaci."

"Mu nan dambu na yi, da zogale. Salmanu ya kawo kifi. Na ajiye miki naki."

Hamdiya ta shiga ɗaki ta dubi jakar. A ɗaure take, ɗauka kawai. Taram zai kai ta tashar mota ba tare da ta canja ba. Gobe war haka tana kan doguwar kujera, cikinta cike, Tanti tana gaya wa baƙi yadda aka yi.

Ta buɗe aljihun jakar ta ciro kilishin. Shi ke nan abin ci da take da shi. Ta yayyaga shi, ta jera a langa, ta rufe. Ta tsallaka zuwa ƙofar da ke kallon tata. A jikin ƙararrawar an rubuta suna ɗaya, Pascal.

Ƙofar ta buɗe iya tsawon sarƙa. Tsoho ne dogo, da rigar sanyi mai huji a gwiwar hannu. Bayansa talabijin na magana, babu wata murya.

"C'est pour quoi?" ya ce, wato me ake nema.

"Ni ce sabuwar maƙwabciyarka," ta ce da Faransanci. "Barka da Nowel. Na kawo maka wannan."

"Ba na sayen komai."

"Ba na sayarwa ba ne, Mushe Pascal. Nama ne, irin na garinmu."

Ya dubi langar, ya dube ta, ya dubi bayanta ko akwai wani. Ya zare sarƙar, ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi jaririn wani. Ya ce "Merci," ya rufe.

Ta koma ɗaki. Yanzu babu kilishi, babu langa. Ta sha ruwan famfo, ta yi sallar la'asar, ta zauna a ƙasa ta jingina da jakar. Haske ya fara ja da baya daga taga.

Can ta ji motsi a waje, ƙaramin ƙara kamar an ajiye ƙarfe a kan siminti, sai ƙofa ta rufe. Ta jira a ƙwanƙwasa. Ba a ƙwanƙwasa ba.

Langar tana kan tabarmar goge ƙafa. Ta ɗaga murfin. An wanke ta tas, an goge, har tana ƙamshin sabulun lemo. Babu komai a ciki.

Hamdiya ta tsaya da ita a hannu. A Maradi sau ɗaya ta taɓa ganin an mayar da kwano wayam, kuma shekara aka yi gidajen biyu ba sa gaisawa. Ko goro ne, ko ƙwayar sukari, ko ashana, sai an jefa wani abu. Kwano wayam yana nufin kada ki sake.

Ta shiga, ta saka rigar sanyi, ta goya jakar. Ta cusa langar a ƙarƙashin hammata, ta kulle ɗakin. Ta taka matakala ta farko. Sai wani abu ya taso mata daga ciki, irin wanda yake taso wa mahaifiyarta a kasuwa in an yi mata ƙwange. Ta juyo ta danna ƙararrawar, ta bar yatsa a kai.

Wannan karon bai sa sarƙa ba. A gefen bakinsa akwai jan yaji, idanunsa sun yi ruwa.

"Na wanke ta," ya ce. "Na wanke sau biyu."

"Na gani. Wayam ka mayar."

"To da me zan mayar?"

"Da wani abu. A garinmu ba a mayar da kwano wayam. Zagi ne."

"Zagi?" Ya dafa ƙirji. "Madmazel, ni abin naki ya kusa kashe ni. Na sha madara kwalba guda." Ya ja hanci. "Na cinye dai."

"To ka zuba wani abu."

Ya karɓi langar ya shiga. Daga bakin ƙofa tana hango teburinsa, faranti ɗaya, kofi ɗaya, kujera ɗaya a jaye. Ta ji ya buɗe firigo, ya rufe, ya buɗe kabad. Ya dawo yana sosa ƙeya.

"Naman alade ne da ni."

"Ba na ci."

"Na yi zato. Akwai kek, amma da giya aka yi shi."

"Shi ma."

"Sai mustad, ɗan abin nan mai yaji da ake shafa wa nama." Ya dubi cikin langar kamar wani abu zai tsiro. Sannan ya lura da jakar da ke bayanta. "Tafiya za ki yi? Jiya fa kika zo."

Ta gyara igiyar jakar a kafaɗarta, shi kuma ya sake duban langar.

"In na zuba na kawo miki, shi ke nan an gama?"

"A'a. Wata rana ni ma in zuba in kawo."

"Ni kuma in sake zubawa."

"Eh."

"Yaushe yake ƙarewa?"

"Ba ya ƙarewa."

Tsohon ya juya langar, babban yatsansa a kan ɓantararren gefen.

"Bon," ya ce. "Gobe kantuna za su buɗe. A da matata tana yin wata miyar kabewa, ina jin ban manta ba. Babu alade a ciki." Ya rungume langar a ƙirji. "Kuma ki daina buga ƙofar matattakala, tana girgiza mini bango."

Ya rufe. Ta ji sakata ta shiga.

Hamdiya ta tsaya a tsakanin ƙofofin biyu har fitilar matattakalar ta mutu da kanta. Ta lalubi mabuɗinta.

Tana sauke jakar waya ta yi ƙara.

"Kin hau?"

"Ban hau ba."

"An ƙwanƙwasa ke nan?"

"Ba wanda ya ƙwanƙwasa, Tanti."

"To me kike jira? Mun yi magana da ke."

"Langar Inna tana gidan mutane. Ba na tafiya in bar ta."

A bayan Tanti ana jin cokula da muryar Tonton Salmanu yana neman safarsa.

"Da me kika kai ta?"

"Da kilishinki."

"Kilishina! Na Ayya mai kilishi da aka kawo mini tun daga gida?" Ta ja tsaki mai tsawo. "Su waye?"

"Wani tsoho. Bai san komai ba."

"Yaushe zai mayar?"

"Ya ce gobe."

"To ki ga abin da zai zuba, ki gaya mini. In dankalin nan nasu ne marar gishiri, kada ki nuna a fuska." Ta ɗan tsaya. "Kin ci wani abu?"

"Na ci."

Ta kashe wayar. Cikinta ya yi ƙugi. Ta sake shan ruwan famfo, sannan ta kwance igiyar jakar, ta kama ta ta gindi, ta zazzage komai a kan gado.